Jan Fenti a Jikin Mangwaro

Litinin, 4 ga Maris 1974, bayan an tashi makaranta

Yau na zama bakin hukuma. Hedimasta ya kira ni ofis, na tarar da wani mutum cikin kwat a wannan zafin. Mista Wilfred sunansa, daga Kwamitin Sabon Layi a Kaduna. Ɗan wajen Kwoi ne, amma ya daɗe a birni har gaisuwarsa ta gajarce. Wai za a ja ƙaramin layin dogo daga babbar tasha, ya bi ta bayan loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, ya ratsa unguwarmu, ya kai kasuwa. Jirgin cikin gari, mata su huta da ɗaukar buhun citta a ka. Suna neman wanda zai zaga ya yi wa jama'a bayani da Hausa da yarenmu. Hedimasta ya ce ai ga Selina, wadda aji shida da Zumuntar Mata duk suke tsoron muryarta.

Na yarda, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Za a ba ni lasifika, a riƙa ɗauka ta a Landiroba.

Alhamis, 7 ga Maris, da yamma

Taron farko, a filin makaranta. Mutane sun zo kamar za a raba gishiri. Mista Wilfred ya kafa taswira a jikin allo, iska tana ta ɗaga ta, ni kuwa ina fassara. Wani ya tambaya ko akuya za ta biya kuɗin jirgi. Wata tsohuwa ta ce tun tana yarinya ake yi mata alkawarin famfo, in jirgin zai zo da ruwa to ya zo. An yi dariya, har shi ma ya yi.

Daga nan ya faɗi tsarinsa, wanda na lura yana ji da shi kamar ɗansa na fari. Ba raɗa, ba bin ofis ta bayan fage. Ya san mu nan a gida muke binne namu, a tsakar gida ko bayan ɗaki, sau da yawa ba dutse ba gicciye. To duk mai kabari a kan layi zai miƙe tsaye a babban taro, gaban kowa, da shaidu biyu waɗanda suka ga binnewar da idonsu. Su faɗi sunan mamacin, da lokacin, da abin da ya kashe shi. In an yi haka, ko a karkata layi, ko a ɗauke mamacin da fasto da akwati da girma. A wani gari, in ji shi, mutane sun tara ƙasa sun ce kakanninsu ne, shi ya sa.

Na fassara da kyau. Har na ƙara nawa, na ce ba wanda za a taka masa mamaci muddin ina raye. Aka tafa mini.

Asabar, 9 ga Maris, da hantsi

Safiyo mai awon ƙasa da yaransa sun shigo unguwa da turaku da gwangwanin fenti. Sun wuce gidan Regina mai burodi, sun wuce rijiya, sun shiga bayan gidan Babana.

Sun shafa wa mangwaron jan fenti.

Asabar, da la'asar

Na wanke kaya. Na wanke har waɗanda ba su yi datti ba.

Lahadi, 10 ga Maris, bayan sujada

Ta zo kamar yadda take zuwa kowace Lahadi. Oby, wadda kowa ke kira Mama Ejike, mai sayar da ƙosai da kifi a bakin tasha. Mijinta Fabian makanike ne a loko, maƙwabcinmu tun ina yarinya, shi ya koya mini hawan keke. Ita ta samu jirgin ƙarshe zuwa garinsu da yara a rikicin nan na shekarar sittin da shida. Shi bai samu ba. Da ta dawo bayan yaƙi, Mamata, kafin ta rasu, ta kama hannunta ta kai ta gindin mangwaron nan, ta nuna mata ƙasa da ƙafa. Iyakar abin da aka taɓa faɗa mata ke nan. Tun daga ranar take zuwa ta zauna a wurin, ta gaishe da Baba, Baba ya amsa, ba a ƙara komai.

A gidanmu ba a shan wannan mangwaron. Yara an ce musu tsami gare shi.

Yau ta tsaya tana kallon fentin. Ta taɓa shi da yatsa, ya bushe.

"Tisha," ta ce, "ke ne kin yi magana a lasifika. Na ji da kunnena. Kin ce ba za a taka mutum ba."

Na ce na faɗa.

"To shi mutum ne."

Na ce na sani, Mama Ejike, ki bar mini. Da bakin nan nawa na ce ta bar mini.

Talata, 12 ga Maris, tsakar rana

A cikin Landiroba, tsakanin Unguwar Masara da kasuwa, na tambayi Mista Wilfred wai a ce akwai wata mata, mijinta yana kan layi, amma ba ta nan lokacin da aka binne shi. Ya ce sai shaidu. Na ce a ce shaidun tsofaffi ne masu kunyar taro, ba za su iya zuwa ofis su faɗa a hankali ba? Ya juyo ya dube ni da tausayi, irin kallon da nake yi wa yaron da ya kasa jimla.

"Malama Selina, in na buɗe ƙofar baya ga mutum ɗaya, gobe garin nan duka kabari ne. Abin da yake gaskiya ai ba ya tsoron rana."

Ba mugu ba ne. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Ya yi imani da taro kamar yadda Fasto ya yi imani da baftisma.

Ni ba zan iya zama shaida ba, ina kwalejin horon malamai a lokacin. Mamata ta rasu. Mutum biyu suka rage cikin waɗanda suka riƙe fartanya ran nan: Baba, da Baba Meshak maƙwabcinmu.

Laraba, 13 ga Maris, da safe

Yakubu ƙanena ya samu aiki. Shi ne helma, shugaban leburorin sabon layi. Ya shigo gida yana buga ƙararrawar kekensa, matarsa tana guɗa. Baba ya ce a gode wa Ubangiji. Mun gode masa.

Keken nan baƙi ne da. Yanzu kore ne.

Juma'a, 15 ga Maris, da yamma

Na zaga unguwa huɗu ina gaya wa mutane alherin jirgi. Muryata ta dishe. Wata yarinya 'yar ajinmu ta ce, "Malama, mun ji ki har daga rafi." Kowa yana ji na, haka ne.

Na biya wurin Baba Meshak. Yana gyaran shinge. Ban gama magana ba ya ɗaga hannu.

"Yarinya, gidan ubanki ne, ƙasar ubanki ce. In ubanki Kumai ya tashi, ni ma zan tashi. In ya zauna, ni wane ne?"

Ya ba ni gyaɗa a leda in kai gida. Na karɓa, don ban san yadda ake ƙin gyaɗar tsoho ba.

Lahadi, 17 ga Maris

Ta zo. Na ɓuya a ɗaki kamar mara gaskiya, na ce wa matar Yakubu ta ce kaina ke ciwo.

Talata, 19 ga Maris, kafin faɗuwar rana

Na yi wa Baba magana.

Na same shi yana feƙe ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo zancen ruwan sama, na kawo zancen irin citta, na ƙare duk zantukan duniya. Sannan na ce, Baba, babban taro ran talatin ga wata ne. Bai ɗago ba. Na ce, Baba, katafila ba ta san mutum ba, za ta kwashe shi ta zubar a rami tare da saiwar itace.

Ya ce, "Na sani."

Na ce to ka tashi, kai da Baba Meshak. Magana kaɗan ce. Ai abin kirki ka yi. Lokacin da wasu suke gudun gawa, kai ka wanke shi, ka naɗe shi da zanen Mama. Wa zai zarge ka?

Ya ajiye wuƙar. Ya yi magana da yarenmu, a hankali.

"In na tashi, za su ce me ya kashe shi. In ce ban gani ba. Sai wani a cikin taro ya ce, to yaya aka yi ya zo gidanka? Kin san mutanenmu, sai an samu mai tambaya. Ba da ƙafarsa ya zo ba, Selina. A kan kekensa, baƙin nan, aka turo shi."

Ya ci gaba:

"Yaron ya shigo da shi, rigarsa duk ta ɓaci. Ko ɗauko shi ya yi daga hannunsu, ko yana cikinsu, ban tambaye shi ba. Har yau ban tambaye shi ba. Kina so in je gaban gari a tambaye ni abin da ni ban iya tambayar ɗana ba?"

Na ce, ita fa? Ya ce ita tana da Lahadinta. Na ce Lahadin ce za a kwashe. Ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da fiƙa.

Ban rubuta sunan yaron a nan ba, kuma ba zan rubuta ba.

Laraba, 20 ga Maris, da safe

Ƙararrawar keke. Kullum da safe ƙararrawar keke.

Asabar, 23 ga Maris, da rana

Mista Wilfred ya ce Kaduna sun ji labarina. Wai ba a taɓa samun garin da jama'a suka ba da haɗin kai kamar nan ba. Yana so a ɗauki hotona da lasifika a hannu. Na tsaya an ɗauka. Na yi murmushi ma, Allah ya gani, haƙorana duka a waje.

Da muka tsaya a tasha shan ruwa, Mama Ejike ta aiko mini da ƙosai a takarda. Ba ta zo da kanta ba. Na ba direba.

Litinin, 25 ga Maris, bayan makaranta

Na tare Yakubu a bakin rijiya. Na ce ina son magana. Ya ce, "Yaya, in maganar itacen nan ce, ni aiki aka ba ni. Inda fenti yake nan zan bi." Na ce ba maganar itace ba ce. Ya dube ni, idonsa ya yi ja nan take, kamar lokacin da yake ƙarami in an matsa masa.

"Kowa a gidan nan yana kallona, ba mai tambayata. To ke tambaye ni. Ga ni."

Bakina ya buɗe. Ni mai lasifika, ni da ake ji har rafi. Na ce masa ya gaishe da matarsa, na ɗauki bokitina.

Ashe ni ma 'yar Baba ce.

Alhamis, 28 ga Maris

A Zumuntar Mata mun yi waƙar yafe wa juna. Murya huɗu, ta yi daɗi ƙwarai. Rabin matan da ke wurin sun san abin da ke gindin mangwaronmu. Regina ta matso bayan addu'a ta ce, "Allah ya ba ki hikima, 'yar'uwa," ta yi sauri ta wuce kafin in tambaye ta wace iri.

Asabar, 30 ga Maris, da yamma

An yi babban taron.

Zan rubuta shi yadda ya faru, don in na bari gobe zan fara gyara shi.

Filin makaranta ya cika. Manya a kan benci a gaba, Baba da Baba Meshak suna jere, kowa da hularsa a gwiwa. Yakubu da leburorinsa a gefe, a inuwar katafilar da aka kawo jiya. Mista Wilfred ya ce in yi kira. Na ɗaga lasifika na ce duk mai kabari a kan layi ya tashi.

Gidan su Regina suka tashi, kakarsu ce. Shaidu suka miƙe, aka faɗi sunanta, aka ce tsufa ne. Wani dattijo ya tashi saboda jaririnsa, ƙyanda ce. Aka rubuta, aka ce Allah ya ji ƙansu. Abin yana tafiya sumul, Mista Wilfred yana gyaɗa kai, tsarinsa yana aiki.

Na sake kira. Can baya, wajen masu tallan gyaɗa, ta miƙe. Ta sa farin zanenta na zuwa coci.

"Sunana Oby. Mijina Fabian, ya yi aiki a loko, duk kun san shi. Yana gindin mangwaro a bayan gidan Baba Kumai. Ni ban gani ba, an nuna mini."

Ban taɓa jin filin nan ya yi tsit haka ba, ko ranar jarrabawa. Mista Wilfred ya dube ni, na ga ya gane matar da na tambaye shi a mota. Ya gyara wuyan kwat ɗinsa. Ya ce da Turanci, da ladabi sosai, a tambaya ko akwai shaidu.

Ni na tambaya. Da bakina, ta lasifika. Na tambaya da Hausa. Na tambaya da yarenmu, ina kallon ƙeyar Babana. Baba Meshak yana kallon Baba. Baba yana kallon hularsa. Mutanen da Fabian ya gyara wa keken ɗinki da fitila da agogo suna kallon ƙasa, kamar an zubar musu da allura.

Ba wanda ya tashi.

Ta daɗe a tsaye. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mana sauƙi. Mista Wilfred ya ce a gaya wa Madam yana baƙin ciki, amma ba shaida. Na juya lasifika wajenta na ce, "Mama Ejike, an ce babu shaida."

Ta ce, "Na ji, Tisha. Muryarki yana fita da kyau."

Bayan haka aka raba lemo.

Lahadi, 31 ga Maris

Ba ta zo ba.

Talata, 2 ga Afrilu, da safe

Ban yi wa Baba magana ba tun Asabar. Ina kai masa tuwo, in ajiye, in fito. Shi ma bai nema ba. Mangwaron ya nuna, yana faɗowa da kansa, ƙudaje sun samu biki.

Alhamis, 4 ga Afrilu, da rana

Mista Wilfred ya karanta mini rahotonsa a ofis, yana so in duba sunayen unguwanni. An ɗauke kaburbura biyu cikin girmamawa. Sauran layi babu kabari. Ya tsaya a nan, ya cire tabarau.

"Matar nan ta tsaya mini a rai. Amma ki duba, Malama, gari guda ya zauna. Ni baƙo ne yanzu a nan. In ce duk ƙarya suke yi da shirunsu?"

Na ce a'a, ranka ya daɗe, mutanen kirki ne, duk masu zuwa coci. Bai gane ba, ya ce to madalla.

Asabar, 6 ga Afrilu, da hantsi

Ƙarar fartanya ce ta tashe ni da sassafe. Na leƙa ta taga. Baba da Baba Meshak, tsofaffi biyu, sun tuɓe riga suna haƙa a gindin mangwaro. Sun kawo akwatin katako da Baba yake ajiye kayan coci, sun shimfiɗa masa farin ƙyalle. Da suka kai ga ƙasusuwan, suka ajiye fartanya suka ci gaba da hannu.

Yakubu ya fito daga ɗakinsa ya tsaya. Baba bai ɗago ba, ya ce masa, "Koma ciki." Ya koma.

Da suka gama Baba ya kira ni, karo na farko a mako. Ya ce in je in gaya mata. Sun kwashe shi tsaf, ko ɗan yatsa ba su bari ba. Za su kai wa Fada, limamin cocinta, a baro, a rufe da buhu, a sa shi a maƙabartar Katolika ba tare da surutu ba. A fuskarsa na ga yana jin ya sauke kaya.

Asabar, da la'asar

Na same ta tana juya ƙosai. Na faɗa mata, har da ɗan farin ciki a muryata, wauta ba ta ƙare mini ba. Na ce katafila ba za ta taɓa shi ba.

Ta tsame ƙosan da ke cikin mai tukuna.

"A baro."

Na ce eh.

"Da buhu a kai. Kamar doya da aka sato." Ta goge hannu. "Tisha, ƙashi ba ya jin katafila. Ni ban ce a kwashe shi ba. Na ce mutum ɗaya ya tashi ya ce, e, Fabian ya zauna da mu, ya mutu a nan, mun sani. An ɓoye shi sau ɗaya, yanzu za a ɓoye shi na biyu. Ejike ya tambaye ni ina babansa, in ce masa rahoto ya ce babu?"

Wani fasinja ya zo sayen ƙosai. Ta sallame shi da fara'a, har da gyara.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Na je wurin Fada bayan sujadarsu. Ya sa Talata da safe. Akwatin yana ɗakin ajiyar cocinsu.

Litinin, 8 ga Afrilu, da yamma

Zagaye na ƙarshe. An ba ni abin da zan faɗa: aiki zai fara Laraba, a kwashe awaki da yara daga hanya, Kwamiti yana godiya. Mista Wilfred yana gaba kusa da direba, ni a baya.

Na faɗa a bayan loko. Na faɗa a unguwarmu. Da muka shiga tsakiyar kasuwa, wajen masu citta, na faɗa, sannan ban sauke lasifikar ba. Na ce:

"Sanarwa ta biyu. Fabian, makaniken loko, mijin Mama Ejike, wanda ya mutu a garin nan a shekarar sittin da shida, an tono shi shekaranjiya daga gindin mangwaro a bayan gidan ubana Kumai. Za a binne shi gobe da safe a maƙabartar Katolika. Duk wanda ya san shi, ya zo."

Na maimaita da yarenmu. Ban ce komai game da keke ba. Ban san komai game da keke ba.

Mista Wilfred ya juyo, bakinsa a buɗe. Ya ce direba ya tsaya. Bai yi faɗa ba. Ya ce rahoto ya riga ya tafi Kaduna, na mai da shi maƙaryaci. Na ce ba kai kaɗai ba, ranka ya daɗe. Ya karɓi lasifikarsa, na sauka, na taka zuwa gida da ƙafa. Hanyar ta buɗe mini sosai, ba wanda ya tsayar da ni gaisuwa.

A gida matar Yakubu ta ce na tona musu asiri a kasuwa. Na ce wane asiri? Ta kasa faɗa. Baba ya mayar da tuwon da na kai masa ba a taɓa ba.

Talata, 9 ga Afrilu, da rana

An binne shi.

Mutanensu na reluwe sun zo, da Ejike, wanda ya yi tsawo ya ɗauko kafaɗun ubansa. Daga namu, Regina ta zo da wasu mata kaɗan, suka tsaya a baya da ɗankwali har goshi. Garin da ya cika fili don lemo, yau duk yana gona.

Ana cikin addu'a na hango Baba. Bai shigo ba. Ya tsaya a wajen shinge, hularsa a hannu, Baba Meshak a bayansa kamar kullum. Da aka rufe ƙasa, Mama Ejike ta bar mutane ta nufe shi. Na bi ta. Na ɗauka za ta yi tambayar da duk muka kasa yi.

Ta tsaya, shinge a tsakaninsu.

"Baba, ka rufe masa ido?"

Ya ce, "Na rufe, 'yata. Da hannun nan."

Ta ce, "To." Ta juya ta koma wurin ɗanta.

Shekara takwas, abin da ta samu daga gare mu ke nan, kuma ta bayan shinge.

Laraba, 10 ga Afrilu, da hantsi

Katafila ta zo. Yakubu ne yake nuna mata hanya da jan ƙyalle. Ba ta sha wahala da mangwaron ba. Yaran unguwa suka yi ca a kan rassan, ba wanda ya hana su, suna sha ruwan yana bin gwiwar hannunsu. Ɗan Yakubu ya rugo wurina ya ce, "Anti, ashe ba tsami!"

Hedimasta ya ce in ɗan huta da Zumuntar Mata da taron iyaye har ƙura ta lafa. Na ce to.

Alhamis, 11 ga Afrilu, da safe

Ba ƙararrawa yau. Yakubu ya tafi aiki da ƙafa.

Alhamis, da yamma

Na bi ta tasha. Keken yana jingine a jikin rumfarta. An kankare koren fentin da wuƙa, ba a iya ba, baƙin yana leƙowa wuri-wuri. Ta ce da ta zo da safe ta tarar da shi, ba ta ga wanda ya kawo ba. Ba ta taɓa shi ba, ko matsar da shi ba ta yi ba, masu saye suna kewaye shi.

Ta zuba mini ƙosai, wannan karon na ci. Da zan tafi ta kira ni.

"Tisha, ki gaya wa ƙanenki ya zo ya ɗauki abinsa. In yana da magana, ina nan kullum, ya san wurin. Ni ba keke na tambaya ba."

Na ce zan gaya masa. Yana ɗakinsa yanzu, ina jin tarinsa ta bango. Na dafa tuwo, na share tsakar gida, na rubuta wannan, har yanzu ban tashi ba.